Mun Kai Bishiyar Inna Dschang

Ana idar da sallar asuba muka bar New Bell, unguwarmu a Douala, ni da ƙanina, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Lambatun ƙofar gidanmu ya tumbatsa, sai ta kan katakon da maƙwabta suka shimfiɗa muka tsallaka zuwa titi. Shi yana riƙe da lema, ni ina rungume da gwangwanin madara a cikin hijabi. Abin da ke cikin gwangwanin nan shi ya fito da mu.

Bari in yi muku bayani, 'yan uwa. Babban wanmu ya rasu bara a Amurka, inda yake tuƙin babbar mota, can kuma aka yi masa sutura. Hoton ƙarshe da ya turo wa Innarmu, yana tsaye ne a gindin wata bishiya da ake kira sekwaya, ya zama kamar tururuwa a jikin turmi. Bayan rasuwar, matarsa ta aiko da irin bishiyar ta hannun wani mai zuwa gida. Inna ta shuka shi duka, ƙwaya ɗaya ce tal ta tsiro. Ta ce wannan sadaka ce mai gudana ga ɗanta, kuma tun daga ranar ba ta da wata hira sai ta bishiyar. Da damina ta kankama sai ganyen ya soma ja daga ƙasa, Inna ta soma barin abinci a kwano. Wani abokin aikin ƙanina a tashar jirgin ruwa, mutumin Dschang, ya ce bishiyar ƙasar sanyi ce, mu kai wa wata mai lambu a garinsu ko za ta farfaɗo.

A Bonaberi muka shiga bas. Yaron mota ya so ya jefa gwangwanin sama tare da buhuna, na ce sai dai ya ɗora ni tare da shi. Haka na ɗora shi a cinya kamar jariri. A shingen jandarmomi wani ya leƙo, ya murza ganye ɗaya ya shinshina, yana tsammanin abin da 'yan iska ke sha ne. Ya dubi hijabina, ya dubi gwangwanin, ya miƙo mini katin shaidata yana dariya. Ni kam ganyen da ya tsinke nake kallo.

Daga Mbanga zuwa Penja gonakin ayaba ne iya ganinka, kowane nono an rufe shi da shuɗiyar leda. Mata suna bin tagogi da abarba da gwanda, kuma kuɗin abarba ɗaya a kasuwarmu a nan uku zai ba ka. Ban iya saye ba. Ranar Asabar ce, ranar da mutanen yammacin ƙasar nan ke kai matattunsu gida, rabin motar duk anko ne na makoki. Matar da ke gefena ta ce ƙaninta za su binne. A Turai ya mutu, dangi suka yi karo-karo aka sako shi a jirgi, ga akwatin can a motar da ke gabanmu. Mu inda mutum ya faɗi nan ake rufe shi, ban taɓa shakkar hakan ba, amma sai wanmu ya faɗo mini a rai. Na yi ta istigfari har Nkongsamba.

A Melong aka tsaya cin abinci. Mai tsiren ɗan Ngaoundéré ne, da ya ji sallamata ya ƙara mini yanka biyu da albasa. Daga nan hanya ta soma hawan dutse, kwana a kan kwana, hazo ya rufe kwarin da ke ƙasa. A wata kwana na hango ƙarafunan wata mota can ƙasa, ciyawa ta soma fitowa ta tagoginta. A motarmu masu giciye suna taɓa goshi, ni ina jan carbi. Sanyi ya shigo ta taga, na buɗe hijabin don bishiyar ta sha iskar. Har na ce a raina ta soma miƙewa.

Da muka isa Dschang, muka tarar mai lambun dattijuwa ce mai takalmin roba, hannunta duk ƙasa. Da Faransanci muka yi magana. Ta juya gwangwanin, ta daki gindinsa, ƙasar ta zubo kamar kunu, da wari. Saiwar ta yi baƙi, tana taɓa ta tana narkewa.

"Sau nawa ake ba ta ruwa?" ta tambaye ni.

Na ce, "A kanta Innarmu take alwala. Kowace salla."

Haka muke yi a gidanmu tun ina yarinya. Ruwan alwala ba a barinsa ya bi lambatu, a gindin zogale ko lalle ake yi, don shuka ta samu albarka. Gwangwanin ma ba mu huda gindinsa ba, wai kada ruwan ya zube a banza. Matar ta ce, "Ta mutu, 'yar uwata. Ta kwana biyu da mutuwa, ganyen ne bai gama bushewa ba."

Ƙanina ya ce, "Madam, ba wani magani? Ko a nan cikin sanyi?"

Ta girgiza kai. Ta ce ko da mun kawo ta da rai, ba ta da tabbacin za ta yi a nan, don ita ma a littafi kawai ta san ta. Bishiyar tsaunuka ce masu ƙanƙara, tana son fili, tana daɗewa har a manta wanda ya shuka ta. Ta ce, "Tsakar gidanku nawa ne?" Na nuna mata da hannu, daga rijiya zuwa igiyar shanya. Ta ce gindinta kaɗai, in ta girma, sai ya cinye gidan ya shiga na maƙwabta.

Sai ta ja ni wata rumfa ta ɗauko wani ɗan tsiro a tukunyar ƙasa. Ganyensa kauri, mai ɗigo-ɗigon fari, kamar harshen saniya. Ta ce sunansa gasteriya. Wannan ba ya wuce tafin hannu biyu, inuwa yake so, yashi yake so, kuma sai ƙasarsa ta bushe ƙayau ake ba shi ruwa. Yana fitar da 'ya'ya a gindi, ko ganye ɗaya ya karye aka ajiye a kan yashi sai ya tsiro. Ba zai yi wa kowa inuwa ba, tsuntsu ba zai sauka a kansa ba, amma zai rayu a bakin taga a New Bell. Na saya. Da ta ɗauki matacciyar za ta jefa a juji, sai na ji hannuna ya riƙe nata. Na naɗe ta a ɗankwali na sa a jaka.

A unguwar Hausawan garin muka kwana, gidan wata ƙawar goggonmu. Bayan magariba ƙanina ya ce, "Yaya, mu ce mata mun baro ta a nan tana girma. Wa zai gaya mata? Hawan jininta fa."

Na ce, "In ta ce a turo mata hoto fa?"

"Sai in samo a waya."

"Sai mu yi ta yi mata ƙarya har ta koma ga Allah?"

Ni kaina ban san ko ni ce mai gaskiya ba.

Washegari da la'asar muka shigo Douala, zafi da warin lambatu suka tare mu tun daga gadar shiga gari. Inna tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Ba ta bari mun gama gaisuwa ba.

"Mai lambun ta karɓe ta?"

Na durƙusa na ce, "Inna, ta mutu. Ƙasar nan ba tata ba ce." Zancen alwala ban faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba.

Ta ce, "Kun baro ta can?"

Na ciro ɗankwalin na sa mata a cinya. Ta warware shi a hankali, ta shafa busasshen ganyen da yatsa, ta ce, "To, wannan dai an kawo mini." Sai ta kira sunan wanmu, sunan da ba ta taɓa faɗa da bakinta ba don ɗan fari ne, ta fashe da kuka. Tun ranar da aka yi mana waya, sai a lokacin na ga hawayenta. Muka zauna muka yi tare har aka kira magariba. A daren ta ci tuwo kaɗan.

Gasteriyar tana tagar ɗakina, Inna ba ta ko tambayi sunanta ba tukuna, ni kuma ban matsa mata ba. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, ba bishiya muka je ceto ba, mun je ne mu kawo wa uwa abin da za ta riƙe a hannu ta yi kuka a kansa. Wanda duk ya karanta, ya sa wanmu a addu'a. Allah ya haskaka kabarinsa a ƙasar da ba mu taɓa takawa ba.