Inuwa a falon Hajiya

'Yan uwa, yau na ga inuwar mutum a ɗakin da ba kowa!

Ina shagonmu na kwamfuta nan Kankia, ina nuna ma wata Hajiya daga Kusada zanen falon da za ta gina. Aikin farko ke nan da aka bar mani ni kaɗai. Ta ce falon ya yi duhu. Na ƙara fitila mai haska wuri guda a cikin zanen, na juya ta wajen bango. Hoto na fitowa, sai ga inuwar ƙaton namiji tsaye a bangon! Alhali kujeru ne kawai a falon.

Na saki salati, na ture kujera. Hajiya ta miƙe ta ja mayafi. "A'uzubillahi! Ɗiyata, ko tubali ba a aza ba har sun tare? Na fasa!"

Sai ga Anti Binta mai koya mana. Tana dubawa ta tuntsire da dariya. "Ke, ina mutumin da kika tsayar cikin zanen don auna tsawon ƙofa?"

"Na ɓoye shi, Anti."

"Kin ɓoye shi, amma ba ki kashe mashi inuwa ba."

Dannawa ɗaya, bango ya yi fes!

Allah ya saka ma Anti da alheri, ita ta lallashi Hajiya har ta koma ta zauna. Aiki yana hannuna, alhamdu lillahi! Sai dai Hajiya ta ce fitilar nan a mayar mata da ita wata kusurwar.