Kawu ya ƙirga 'ya'yan kifina

Jiya na dawo daga kasuwa na tarar da Kawu Modu a falo, ya durƙusa gaban akwatin gilashin da nake kiwon kifin ado, har hancinsa na taɓa gilashin.

Mutumin nan ya tsufa yana sana'ar su a Tafkin Chadi. Tun da na fara kiwon nan yake yi min dariya, wai kifin da ba zai shiga tukunya ba ɓata ruwa ne.

Bara ma ya samu abin faɗa, domin zafin bazara ya kashe min su kaf. Bana da zafi ya kunno kai, ga rashin wuta, sai na tuna yadda mahaifiyata take naɗe randa da jiƙaƙƙen buhu. Haka na yi wa akwatin, ina jiƙa buhun sau uku a rana. Na kuma ƙara shuka ciyawar ruwa don su sami inuwa. Ko ɗaya bai mutu ba.

Kawu bai ko waiwayo ba ya ce, “Ɗana, zo ka gani. Ƙanana goma sha ɗaya a cikin ciyawar nan. Saye ka yi?”

Na ce, “A'a Kawu, a nan aka haife su.”

Sai ya ce, “Kifi ba ya haihuwa a ruwan da bai yarda da shi ba. Ka iya.”

Wallahi har yanzu bakina ya ƙi rufuwa. Ku fa, yabon wa kuka fi daɗewa kuna jira?