Biba Ta Datse Mini Rafi

Wata Talata ce, bayan ƙaramar salla, shekarar da aka haifi jikata Maryama, na sauka bayan gidan ɗana a Gaithersburg da bokitina, na tarar rafin da nake ban ruwan yakuwata da shi ya koma ɗan siriri kamar zaren saƙa. Wani tsohon Bature maƙwabcinmu yana tsaye a bakin shingensa. Ba na jin Turanci, shi ba ya jin Hausa. Na nuna masa ruwan, ya nuna mini can saman rafin ya ce, "Biba, biba." Biba ɗaya na sani a duk ƙasar nan, Habiba mutuniyar Maraɗi, wadda gidansu ke can sama, kuma ita kaɗai ce macen da nake hira da ita da harshena.

To, ni a bakin rafi na girma. Babanmu yana da lambun albasa da tumatir a fadama, mu 'yan mata mu ke bin fangali muna buɗe wa ruwa hanya da ƙafa, mu toshe da laka, in an gama mu kama tarwaɗa a kwatami, mu yi wanki, mu shanya a kan ciyawa muna gaɗa har kaya su bushe. Wani rani, ina da shekara bakwai ko takwas, ruwa ya ƙi saukowa. Baba ya bi rafi ya tarar an datse shi da kara da ƙasa kusa da lambun ƙaninsa, Baffa Sule. Ya dawo ya ce, "Hadiza, in kin ga ruwa ya tsaya, wani ne ya tsayar da shi." Baffa ya rantse ba shi ba ne. Baba bai ƙara amsa sallamarsa ba, mu kuma aka hana mu wasa da 'ya'yansa.

Da wannan maganar a kunnena na bi rafin Gaithersburg. Na tarar da datsiya ta itace, an yaɓe ta da laka sumul, irin yaɓen macen da ta iya rumbu, ga tafki ya taru daidai bayan gidan su Habiba. Na ce ai shi ke nan. Na daina aika mata dambu. In ta gaishe ni, sai in amsa a taƙaice. Kowace safiya in ɗauki fartanya in fasa datsiyar, washegari in tarar an gyara, har an ƙara mata tsawo. Na ce lallai matar nan ba ta da kunya. Rana ta huɗu na yi mata babbar ɓaraka, da azahar kuwa aka sheƙa ruwan sama. Ruwan da tafkin zai riƙe ya sauko gaba ɗaya, jajawur, ya kwashe yakuwata da kuɓewata har saiwa.

Habiba ta zo jaje. Ban ba ta tabarma ba. Na ce, "Bature ya faɗa mini sunanki."

Ta ce, "Yaya, mi ya ce?"

Na ce, "Biba."

Ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Yaya Hadiza, ni da ciwon bayan ga zan sare itace? Tashi ki ga takwarata."

Da la'asar sakaliya muka tsaya shiru a bakin tafki. Sai ga wata dabba ta fi gafiya girma nesa ba kusa ba, wutsiyarta shimfiɗe kamar faifai, ta ɗauko reshe a baki tana toshe ɓarakar da na yi. Habiba ta ce biba sunan dabbar ke nan da Turanci, kuma tafkinta ke tare ruwan sama ya sake shi kaɗan-kaɗan. Ga agwagi, ga kwaɗi, ga ƙananan kifi, duk a ruwan da na rantse an sace mini. Na daɗe ina kallon dabbar ban yarda da ita ba, amma na kama hannun Habiba na ce ta yafe mini.

Yanzu Maryama ta yi girma, rafin yana nan da tafkinsa, ni kuwa ba na iya sauka. Ina zama a taga in tuna fadamarmu, inda babu irin wannan dabba, babu kuma wanda ya kai Baba ya gani da idonsa. Ya rasu bai yi wa ƙaninsa magana ba. Har yau ban san wanda ya datse rafinmu ba.