Tafiyar Jugu da Ɓarin Goron Yaya Mamudu

Tashi daga Paraku

Ladanin unguwarmu ta Gema bai gama gyaran murya ba na ɗare bayan zem, ɗan babur ɗin haya, hannu ɗaya a hula, ɗaya a tumbi. Ga dalilin sammakon. Ƙungiyarmu ta masu sayar da goro, wadda ta haɗa Paraku da Jugu tun zamanin kakanni, za a raba ta gida biyu, kuma kafin rabon sai an zaɓi majalisa ta ƙarshe. Kujerun duk an san masu su ban da ta Beteru, garin da ke kan hanya tsakaninmu. An yi yarjejeniya: in Yaya Mamudu, ɗan wan babana, ya ci, Beteru ta bi Paraku, in Sani na Jugu ya ci, ta bi Jugu. Yaya Mamudu a Beteru yake zaune, amma rumfar da yake sauke huhunan goronsa a kasuwar Paraku take, mahaifinsa ne ya kafa ta da hannunsa. Beteru na bin Jugu rumfar ta fita hannunsa, don ba a ba ɗan wani reshe wuri.

A tasha na tarar wakilanmu sun cika motar Bio direba, motar da na tabbata ta yi jigilar Turawan mulkin mallaka. Jaka uku-uku aka biya.

"Alhaji Tanko, kai kuɗin mutum biyu za ka ba da," in ji Bio.

Na ce, "Nuna mini kujerar mutum biyun tukuna."

Muka yi asuba a masallacin tasha, muka kama hanya.

Beteru

Rana ta ɗan ɗaga muka iso gadar Beteru. Yaya Mamudu na tsaye bakin titi cikin babbar riga, idanu jawur, da gani bai runtsa ba. Ya shigo mota, matarsa ta miƙo mana soyayyar doya da yaji, da wagashi, cukun nan na Fulani, mai ɗumi. Na ci kasona, na ci nasa don kada a yi almubazzaranci.

Gaba kaɗan 'yan sanda suka tsai da mu. Babbansu ya leƙo ya ce, "Ina zuwa haka da manyan riguna?"

"Zaɓe, ranka ya daɗe."

"Wane zaɓe kuma ban ji a rediyo ba?"

"Na goro ne, ba na gwamnati ba."

Ya duba takardun mota, ya karɓi goro biyu farare, ya ce Allah ya ba mai rabo. Daga nan har Jugu carbin Yaya Mamudu sai ƙas-ƙas yake.

Jugu

Da hantsi muka shiga Jugu, muka sauka a gidan da za a yi taron, tsohon gida mai tsakar gida kamar filin ƙwallo. Mu ba mu zaɓe da takarda. A bakin ƙofa ake laluba aljihun kowa a kwashe goron da ke ciki, sannan a ba shi guda ɗaya mai ɗigon shuni, shi ne ƙuri'arsa. Ƙwarya biyu na bayan labule, kowane ɗan takara da tasa. Ni goron da aka fitar daga aljihuna sai da aka nemo buhu.

Muna shiga muka yi kiciɓis da Baba Ɗanlami zaune a tabarma. Shi ne mahaifin Sani, kuma aminin marigayi mahaifin Yaya Mamudu; tare suka yi fataucin Gwanja. A wajenmu ɗan goro bai gai da aminin ubansa hannu wofi, abin kunya ne da za a yi ta faɗi har jikoki. Yaya Mamudu ya durƙusa, ya sa hannu aljihu, wayam. Kafin in ce kanzil babban yatsansa ya yi aikin da ya saba shekara da shekaru: ɓas! Ya ɓara goron ƙuri'a, ya miƙa wa tsoho ɓari.

Na raɗa masa, "Yaya, ƙuri'arka ce fa ka ɓara!"

Ya dubi hannunsa, gumi ya keto masa. "To yanzu in ce ya maido?"

Baba Ɗanlami ya sa masa albarka, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Muka nemi a sake ba shi wani goron, masu ƙofa suka ce daidai kawunan wakilai aka ɗiga shuni, babu ragowa. Haka ya shiga bayan labule ya jefa ɓarinsa.

Bayan azahar aka juye ƙoren a tabarma, aka jera goron bibbiyu, ɗaya na Sani ɗaya na Yaya Mamudu. Aka yi ta jerawa har suka ƙare tare, kunnen doki, sai ɓarin nan shi kaɗai a gefe. Gida ya kaure. Mutanen Jugu suka ce ɓari ba ƙuri'a ba ne, a sake zaɓe wani mako, a Jugu kuma, sun san ba dukanmu za mu iya dawowa ba. Mu muka ce ga shuni nan a jikinsa. Ni da kaina na yi jawabin da aka ji shi har ƙasar Togo, ba wanda ya saurare ni.

Sai Baba Ɗanlami ya buga sanda a ƙasa. Ya cire hula, ya zaro ɗaya ɓarin daga cikinta.

"Ni rabona da haƙori tun kafin a haifi rabinku," in ji shi. "Na ajiye ne a daka mini da yamma. Ku haɗa ku gani."

Mai ƙirga ya haɗa, suka zauna cif.

Sani ya miƙe. "Haba Baba! Ni za ka kayar?"

"Zauna. Tawa ƙuri'ar kai na jefa wa, tana cikin ƙwaryarka. Wannan ta yaron nan ce, gaishe ni ya yi da ita. In kayar da shi don ya gaishe ni?"

Aka ce Yaya Mamudu ya ci, Beteru ta bi Paraku. Sani ya taso ya ba Yaya Mamudu hannu, bai yi murmushi ba, amma ya ce kada mu tafi ba mu ci abinci ba. Aka kawo sakwara da miyar gyaɗa. A nan na rama wa Paraku duk abin da Jugu ta taɓa ci mata.

Komawa

Bayan la'asar muka juyo. A Beteru Yaya Mamudu ya ƙi sauka, ya aika wa iyalinsa da saƙo, ya ce Paraku zai kwana. Bio ya canza taya sau ɗaya, muka tura mota sau biyu, ni ina ba da umarni daga ciki. Ana kiran magariba muka shigo gari. Yaya Mamudu ya ce a sauke shi a kasuwa. Na bi shi, na tarar ya ari tsintsiya wajen mai gadi, ya naɗe hannun babbar riga yana share gaban rumfa, ga ta a share tun safe.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Bio da motarsa, da mutanen Jugu da sakwararsu, da Baba Ɗanlami, Allah ya ƙara masa tsawon rai. Huhun farko da ya sauka a rumfar, Yaya Mamudu ya ce na Baba Ɗanlami ne, kuma a haɗa masa da ɗan turmi.