Motar Malam da Rijiyata

Na manta abubuwa da yawa a duniya, har shekaruna ban riƙe su ba, amma yadda aka sayar da motar maigidana, wannan kam da shi za a sa ni a ƙasa. Har yau in na tuna sai abinci ya fita daga raina.

Ni ban yi boko ba, amma ba mai koya mini ciniki. Dillanci na yi tun ina da ƙarfina, gida-gida, daga Kwarbai har Ƙofar Kibo, atamfa ce, kwanuka ne, 'yan kunne ne. Mace ta ba ni kayanta in sayar, in dawo in faɗa mata yadda aka saya, ta cire la'ada ta ba ni. Ko kwabo ban taɓa ɗorawa a ɓoye ba. Shi ya sa abin ya fi ƙona ni.

Da Allah ya yi wa Malam rasuwa ya bar mana mota ɗaya, fara, wadda ya saya da kuɗin sallamarsa daga aiki. Kullum da safe shi yake goge ta da hannunsa. Gidan da muke ciki kuwa na gado ne, shi da ƙaninsa. Bayan an share makoki ƙanin ya ce yana son kasonsa. Ban ga laifinsa ba, haƙƙinsa ne. Aka zauna, ya yarda a ba shi kuɗi maimakon a tsaga gida. In an tsaga, ɓangaren da rijiya take shi zai faɗa masa, rijiyar da nake jan ruwa tun ina amarya, wadda ko a tsakiyar rani ba ta ƙafewa. 'Ya'yana suka ce a sayar da mota a biya shi.

Ina cikin takaba, ba fita. Babban ɗana ya koma Legas wurin aikinsa. Sai na aika aka kira mini wani Alhaji mai filin sayar da motoci a wajen Ƙofar Doka. Ba baƙo ba ne. Ɗan maƙwabciyarmu ne, a ɗakina aka yaye shi, ni na goya shi, ni na dama masa koko.

Ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗaki, ina bayan labule. Ya ce, "Inna, ki bar mini komai. Malam ai ubana ne." Ya tafi da mota wai za a duba ta. Da ya dawo sai ya yi ta ajiyar zuciya kafin ya yi magana.

"Inna, injin ya gama aiki. Kowa ya ɗaga murfi sai ya juya. Da ƙyar na samo wani bawan Allah, ga shi can a zaure."

Mutumin ya ɗaga murya daga zaure ya yi mini ta'aziyya, murya ce a shaƙe, yana yi yana tari. Alhajin ya faɗi kuɗin da aka taya. Na ce albarka. Ya ce, "Inna, in wannan ya tafi, sai dai masu farfasa ta su sayar da ƙarfe." Na ce na sallama. Na cire la'ada na miƙa masa, ya yi ta ƙi kamar gaske, sannan ya sa hannu biyu ya karɓa. Har albarka na sa masa.

Kada wani ya ce wauta na yi. Mace mai takaba, yaron da ta goya ya durƙusa ya kira mijinta uba, da wane baki za ta ce ya rantse? Ya san haka sarai, da shi ya yi aiki.

Kuɗin ko rabin kason ƙanin Malam bai kai ba. Aka kira magina, aka ja katanga ta tsakiyar gida. Ƙanin ya sayar da ɓangarensa ga mutanen da ban taɓa sani ba. Ni wadda maƙwabta ke zuwa ɗibar ruwa a gidana, na koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa.

Bayan na fita takaba na je wani biki a Ƙofar Kibo. A bakin gidan sai ga motar Malam tana ƙyalli. Ban yi kokwanto ba, rigar kujerun ni na zaɓo yadin. Na nemi matar mai motar, wata Hajiya mai fara'a, na yi mata murna, na tambaye ta nawa suka saya, kamar yadda muke tambaya mu dillalai. Ta faɗa. Na ce ta maimaita. Ya kusa ninki uku na abin da aka ba mu, ya isa a biya ƙanin Malam har a samu saura.

Ta ce, "Ai mun yi dace, Inna. Mai filin ya ce ta wani dattijo ce, ko sau ɗaya ba a taɓa kwance injinta ba."

Ban ci abincin bikin ba. Na ja mayafina na hau a-daidaita-sahu sai Ƙofar Doka. Ina shiga filin wani ya taso yana cewa, "Hajiya, wace iri ake so?" Murya a shaƙe, da tarinsa. Mai sayen da ya tsaya a zaure ke nan. Ashe ma'aikacinsa ne. Alhajin ya sayar wa kansa, ya kuma karɓi la'adata a kai.

Ya fito daga ofis yana murmushi, ya ce in shigo ciki. Na ce a nan zan tsaya, inda mutane ke ji.

"Injin da ya gama aiki, wa ya tashe shi?"

Ya rage murya. "Inna, sana'ar ce haka. Kamfanin da ya ƙera mota ya ci nasa, wanda ya shigo da ita ya ci nasa, ga kuɗin fili, ga yara. Ni ma dole in ci. Kuma ke da bakinki kika ce kin sallama."

Na ce, "Riba halal ce, da ita na aurar da 'ya'yana. Amma dillali daban ne, mai saye daban ne. Kai wanne ne ranar da ka durƙusa a ƙofata? Da ka ce kai za ka saya, da na san da wanda nake ciniki."

Masu duba motoci suka bar abin da suke yi. Dattawan filin suka taso suna ba ni haƙuri. Ya shiga ya fito da kuɗi a leda, ya ce ga wannan, taimako ne saboda Malam. Na ce ban zo bara ba, sai ya faɗi ko kuɗin mene ne zan karɓa. Wani dattijo ya ce masa, "Alhaji, faɗa mana." Kansa a ƙasa ya ce haƙƙin magada ne. Sannan na karɓa, na raba wa 'ya'yana har kwabon ƙarshe.

Amma katanga ba ta rushe ba. Mutanen da suka sayi ɓangaren sun ce ba na sayarwa ba ne, kuma gaskiyarsu. Kullum da safe ina jin gugarsu tana faɗawa cikin ruwana daga bayan bango.

Abin da na koya shi nake faɗa wa duk wanda zai sayar da mota ko ya saya: kada ka yarda mai tsakani ya hana ka ganin fuskar wanda kuke ciniki. Ka tambaye shi nawa ne nasa a ciki, ka tambaya da babbar murya, ko da kai ka goya shi. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Ni an yi mini ita ba adadi, ban taɓa sunkuyar da kai ba.