Jan Layin Kwalekwalen Kaka

Ranar Laraba ce, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a ƙarshen damina. Mu tara ne a bakin dam ɗin garinmu, can ƙasar Kabo: ni, da innata, da ƙanenta kawu mai tuƙi, da mata shida masu komawa ƙetare daga kasuwa. Har yau idan na ji ƙaurin kwalta ana narkawa, can nake komawa.

Kwalekwalen na kakana ne. Duk shekara yakan kife shi a gaɓa, ya liƙe tsagoginsa da kwalta, sannan ya ja layi da jan fenti, yatsu huɗu ƙasa da baki. Dokarsa ɗaya ce: idan ruwa ya taɓa layin, sai wani ya sauka, ko da hakimi ne. Da idonsa ya yi rauni, ni ya ɗora wa duba layin, domin a cewarsa makaranta ta koya mini kallon abu daidai.

A shekarun tsuke bakin aljihu aka sallami kawu daga masaƙa a Kano. Ya dawo da akwati ɗaya da buta, Kaka ya miƙa masa filafili. Butar ba ta rabuwa da shi, amma ban taɓa ganin ya yi alwala da ita ba. Kowa a gida ya san abin da ke ciki, kuma kowa ya rufa asiri.

Ran nan, da muka gama shiga, na duƙa na duba. Mutum tara da buhun masara biyu sun nutsar da layin gaba ɗaya. Kawu ya matso, warin burkutu ya buge ni. Na gaya masa a hankali cewa layi ya ɓace.

"'Yar boko," in ji shi, "kin cika awo kamar kakanki. To, ke sauka ki rage mana nauyi."

Matan suka yi dariya. Inna ta harare ni, ta ce yarinya ba ta gyara wa babba aiki a gaban jama'a. Na sauka. Da na ɗaga murya na ambaci butar, da babu macen da za ta zauna. Ina so mai karatu ya sani cewa ina sane na yi shiru.

Sun kai tsakiya iska ta taso. Kawu ya miƙe tsaye, abin da Kaka ya hana tun ranar farko, ƙafarsa kuwa ba ta ɗauke shi ba. Ina gaɓa ina kallo kwalekwalen ya kife.

Shekaru bayan haka aka ƙaddamar da Shari'a, aka rufe gidajen giya, na yi murna. Amma yanzu kwalaben maganin tari nake tsinta a mashigar dam ɗin, jiragen babu layi, babu rigar hana nutsewa, fasinjoji kuma suna jin warin direba su kau da kai, yadda aka koya mana.

A waccan Larabar kawu ya fito da ransa, shi da mata huɗu. Inna da sauran biyun sai washegari aka samo gawarwakinsu. Kaka bai sake buɗe gwangwanin fenti ba.