Kwana Ashirin Da Biyun Da Suka Raba Ni Da Ƴata

Ina yi wa masu karanta wannan mujalla sallama. Ni mutuniyar Bande ce, cikin yankin Magariya, kuma lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da ajiye aikin ungozoma a matarnite ɗin garinmu ba, wato asibitin haihuwa. Rabin samarin da ke yawo da kabu-kabu a kasuwarmu a hannuna suka faɗo duniya, kuma babu unguwar da ban shiga na yi wa mai jego wanka ba. Wannan ya sa mini girman kai, ba zan ɓoye ba. Ina da baki, ina da saurin fushi, in na kafe a kan magana ko mai gidana, Allah ya jiƙansa, sai dai ya girgiza kai ya ɗauki butarsa ya yi masallaci. Sannan ni ƴar bakin iyaka ce. Tun ina budurwa nake tsallakawa Najeriya wurin dangin uwata, in je bikin kwana uku in zarce wata biyu, ba wanda ya taɓa tambayata yaushe na shigo balle yaushe zan fita. A sanina takarda ta shiga ce kawai. In an bar ka ka wuce, sauran zama tsakaninka da mai masaukinka ne.

Ina da ƴa guda mace, ita ce ƴar farina. Kamar yadda aka saba a wajenmu, ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa jawo ta jikina a gaban mutane ba, ita ma ba ta iya kallon idona ta faɗi abin da ke ranta. Ta auri wani yaro mai hankali daga wajen Dungas, wanda ya samu burs, wato tallafin karatu, ya tafi karatun noma a wani tsibiri can gabas mai nisa, inda teku ya kewaye ko'ina. Da ya gama suka riƙe shi aiki a wata cibiyar binciken shinkafa, ya zo ya ɗauki matarsa. Bayan shekara guda aka aiko mini tana da ciki. Bisa al'ada gida ya kamata ta zo goyon ciki, ta haihu a ɗakina, amma tafiyar jirgi uku ce kuma likita ya hana ta. Sai aka yanke cewa ni zan je. Na yi murna ƙwarai, sai dai a fili cewa na yi sun ɗora mini wahala.

Ƙanena da ke aiki a Yamai shi ya tsaya mini kan fasfo da biza. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla cewa biza iri biyu ce. Akwai ta yawon buɗe ido, kwana talatin, tana fita da wuri, kuma ana iya ƙara ta sau ɗaya in mutum ya je biro, wato ofishin shige da fice, da ƙafarsa kafin ta ƙare. Akwai kuma ta dogon zama, ta masu ziyarar iyali, wadda ke kai wata shida, amma dosiyenta, wato takardun da ake haɗawa, ya fi nauyi: takardar haihuwar ƴata daga meri, ofishin magajin gari, da wasiƙar surukina da sa hannunsa cewa shi ya ɗauki nauyin cina da shana da makwancina har in tafi. Ya ce ita ta dace da ni, tunda wankan jego kaɗai kwana arba'in ne, kuma haihuwa ba ta da rana. Ni kuwa ina jin zancen wasiƙar nan raina ya ɓaci. Na ce masa ni da ko ruwa ban taɓa sha a gaban yaron nan ba, yanzu za a rubuta a takarda, a buga hatimi, ƙasa biyu su shaida cewa surukina ke ciyar da ni? Ya ce Yaya, ai tsari ne kawai, ba wanda zai karanta sai ma'aikaci guda. Na ce ko ma'aikaci rabi ne ban yarda ba, a yi mini ta kwana talatin ɗin, in na shiga ai na shiga. Ya yi ta lallashi har ya gaji. A tasha ma da zai sallame ni sai da ya sake jaddada mini in tuna da ranar da aka rubuta, ni kuma hankalina na kan ƙullin kanwa da yaji da garin gero da na cusa a jaka.

Tsibirin nan ban taɓa ganin ƙasa irinsa ba. Ruwan sama kusan kullum, ganye kore har kan katanga, kwakwa tana faɗowa a hanya ba mai waiwayarta. Ni da na saba a yi ta duban gabas ana jiran hadari, sai na ga mutane suna tsaki don an yi ruwa. Mutanen kirki ne, da yawansu Musulmi, in na wuce sai su yi murmushi su dafa ƙirji. Amma ban je kallo ba. Haihuwa ta yi jinkiri kwana goma, sannan Allah ya sauke ta lafiya, namiji. A gidan sama suke, babu murhu babu itace, a kan gas nake tafasa ruwa tukunya bayan tukunya. Na gano wata bishiyar dogon yaro a bayan masallacin unguwar, kullum in je in karyo ganye. Safe da yamma ina yi mata wanka, ina dama mata kunun kanwa, ina gasa mata nama da yaji. A kwanakin nan ne na fara taɓa jikin ƴata tun bayan da na yaye ta. Ba ma wata hira, amma in na gama gasa mata baya takan ɗan jingina da ni kafin ta miƙe, ni kuma sai in yi kamar ban lura ba.

Bayan suna da ƴan kwanaki surukina ya fara neman hanyar yi mini maganar biza. Ku da kuka san mu kun san irin wuyar da ke nan. Ba ya iya zama inda nake, ba ya iya ɗaga ido ya dube ni. Sai ya durƙusa a bakin ƙofa, ya gaishe ni, ya ce Inna akwai ƴar maganar takarda in an samu lokaci, ni kuma daga bayan labule in ce na ji. Da ya ga shiru sai ya bi ta wurin matarsa. Ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta fito da ita: kwanakina saura shida, biron yana wani gari, sai an yi sammako an wuni, dole in je da kaina a ɗauki hotona da zanen yatsuna, kuma shi zai raka ni ya sa hannu. Na lissafa abin a raina. In bar mai jego ba wankan safe ba na yamma, in shiga mota ni da surukina mu biyu, in zauna kusa da shi a benci yana magana da yawuna. Sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce mata in abincin gidansu ne ya ƙare su faɗa mini, da gerona na zo. Na ce ban taɓa jin inda aka kori uwa daga kan ƴarta tana tsakar jego ba sai a gidan ƴan boko. Ta sunkuyar da kai tana hawaye a kan jaririn. Shi ma daga ranar bai sake tayar da zancen ba, don duk abin da zai faɗa zai zama kamar korata yake. Fasfona kuwa yana ɗaure a lalitata a ƙugu, ba mai iya cewa in ba shi.

Ranar da bizar ta ƙare, ƴata tana kwana ashirin da haihuwa. Ban ji komai ba, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, sai na ƙara samun tabbacin cewa tsoron banza ne irin na masu karatu. Na cika arba'in ɗina cif, na yi mata kitso da lalle, na ƙara kwana biyu na huta, sannan suka raka ni filin jirgi. A raina na shirya cewa in an yi magana zan gaishe su da kyau in ba da haƙuri, su ga tsohuwa ce su bar ni, kamar yadda ake yi a gida. Ma'aikaciyar da ta karɓi fasfona yarinya ce ƙarama. Ta duba na'ura, ta dube ni, ta kira wani. Aka kai ni wani ɗaki mai sanyi, aka kirawo surukina daga waje. Ba wanda ya daka mini tsawa, da ladabi suka yi komai, kuma wannan ya fi yi mini ciwo don babu wanda zan yi wa faɗa. Suka ce na zarce da kwana ashirin da biyu. Surukina ya tsaya kansa a ƙasa yana ba da haƙuri da harshensu, ya biya tara, aka sa shi ya sa hannu a takardu da yawa. Sannan aka buga wani jan hatimi a fasfona, aka ce ya fassara mini: shekara uku ba ni ba shiga ƙasar. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, cewa na yi a gaya musu ko shekara talatin ne ba abin da na manta a garinsu.

Na dawo Bande ina ba da labari ana dariya. Ina cewa na je na yi wa ƴata arba'in cikakke, masu hatimi sun yi ta hatiminsu. Ƙanena kaɗai ne bai yi dariya ba. Shekara ɗaya da rabi bayan haka ta sake samun ciki, wannan karon da hawan jini, ƙafafu suka kumbura tun wata shida. Ni ungozoma ce, da aka nuna mini ita a salula na ga fuskarta, na san abin da nake gani. Wata ranar Talata da hantsi ta kira ni da kanta. Yarinyar da ba ta taɓa roƙona ko allura ba ta ce Inna, ina jin tsoro, ina so ki zo. Sau biyu ta faɗa.

A ranar na hau mota zuwa Magariya na karɓo takardar haihuwarta a meri, washegari na kama hanyar Yamai. Ni da bakina na kira surukina na roƙe shi ya rubuto wasiƙar nan da na ƙi, ya rubuta cewa shi ke ciyar da ni, ya rubuta duk abin da suke so. Kafin la'asar wasiƙar ta iso. Muka haɗa dosiyen bizar dogon zama babu abin da ya rage, har da takardar likitanta. Na zauna gidan ƙanena sati uku ina jira. Amsar da ta zo layi biyu ce: akwai hani a kan sunana, sai wa'adin ya cika. Muka sake rubutawa muna roƙo, surukina ya yi ta zirga-zirga a can, aka ce za a duba. Ana cikin dubawar aka shiga da ita tiyata, cikin yana wata takwas. An ciro yarinya mace da rai. Ita kuwa ta kwana biyu ba ta farfaɗo ba, a rana ta uku Allah ya karɓi abarsa. Matan unguwarsu ne suka yi mata wanka, mutanen da ko sunansu ban sani ba, aka binne ta a can.

Ba na cewa da na je da ba ta rasu ba. Kwananta ne ya ƙare, kuma likitocin can sun fi ni sani nesa ba kusa ba. Abin da ke cina shi ne ta kira ni, sau ɗaya tak a rayuwarta, kuma abin da ya tare ni ba rashin kuɗin jirgi ba ne, ba ciwo ba ne, ba wani azzalumi ba ne. Ni ce da hannuna na rufe ƙofar tun kusan shekara biyu kafin ta buƙace ni, saboda wuni guda da na ƙi bayarwa. Surukina ya kawo mini yaran biyu, suna wurina yanzu. Har yau bai taɓa faɗa mini kalma ɗaya ta zargi ba, yana durƙusawa ya gaishe ni kamar da. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Na daɗe ina tunani a kan kunyar nan tamu. Abu ne mai kyau, ita ta riƙe gidajenmu, ban ce a yar da ita ba. Amma na gane cewa rabin abin da na kira kunya girman kai ne na lulluɓe da mayafi, kuma na yi amfani da ita na toshe bakin mutum biyu da suka fi ni sanin ƙasar da suke zaune. Don haka nake kira ga iyaye mata ƴan'uwana, musamman mu na bakin iyaka da muka saba shiga da fita ba tambaya, yanzu da ƴaƴanmu suka watsu a duniya. In za ki je wa ƴarki jego ko jinya, kar ki karɓi bizar yawon buɗe ido don ta fi saurin fita, ki nemi ta dogon zama ko da za ta sa ki jira, ko da sai surukinki ya sa hannu. In kuma gajerar kika samu, ki sa a karanta miki ranar da ke jikin hatimin, ki riƙe ta kamar lokacin salla, ki je a ƙara miki tun ba ta ƙare ba. Ku kuma ƴaƴa da surukai, in kun ga tsohuwa za ta faɗa rami ku faɗa mata a fili, ta yi fushinta, fushi yana wucewa.

Watan jiya shekara ukun suka cika. Ƙanena ya kira ni ya ce hanin ya faɗi, in ina so yanzu za a ba ni biza ta wata shida ba wata wahala. Na yi masa godiya, na ce ya bari tukuna. Ina riƙe da salular na daɗe a zaune, don ban san wurin wa zan ce wa masu bizar zan je ba.